Ross Harrison: Malamin da ya fara rainon jijiya a cikin ɗigon ruwan jikin kwaɗo

Da zarar damina ta kankama a Yana, kududdufai suka cika, babu abin da ke cika kunne da dare irin kukan kwaɗi. Bayan 'yan kwanaki sai a ga ƙwayayensu a gefen ruwa cikin wani abu mai yauƙi, yara na tsokana da kara, kafin a ankara talibambam ya cika ruwan. Ba mai ɗaukar wannan a bakin komai. Amma a cikin irin wannan ƙwai ne, a wata ƙasa mai nisa, wani malamin jami'a ya samo amsar tambayar da ta raba kan masana shekara sittin da ɗoriya, a garin neman amsar kuma ya buɗe ƙofar da ilimin likitanci ke bi har yau. Sunansa Ross Granville Harrison. A shekarar 1907, shekara guda bayan yaƙin Haɗeja, tun fadar Sarkin Katagum ba ta dawo Azare ba, ya yanko ɗan mitsitsin guntu daga jikin tayin kwaɗo, ya ɗora a kan gilashi, ya zuba ido ta madubin ƙara girma, har ya ga jijiya tana tsirowa.

Kafin mu yi nisa, akwai wani ƙulli na harshe da ya kamata a kwance. Bahaushe ya tara abu uku a ƙarƙashin suna guda: jijiyar da jini ke gudana a cikinta, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi irin agara, da kuma farar jijiyar nan siririya mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi, ta dawo da labarin zafi ko sanyi ko taɓawa. Ta ukun nan ake nufi a duk inda aka ce jijiya a wannan rubutu. Ita ce shan inna ke kashe wa tushe a cikin laka har ƙafar yaro ta shanye. Ita ce kuturta ke ci har mutum ya taka garwashi bai ji ba. Ita ce kuma ke katsewa a gadon bayan ɗan acaɓan da mota ta make a hanyar Azare, a kai shi asibiti da ransa da hankalinsa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai a juya shi. Duk mai ɗan'uwa a irin wannan hali ya taɓa tambayar likita ko jijiya na sake tsirowa. Ba a iya fara amsa tambayar ba sai da aka san yadda take tsirowa tun da farko.

An haifi Harrison ranar 13 ga Janairun 1870 a Germantown, wata unguwa ta birnin Filadelfiya a Amurka. Mahaifinsa, Samuel Harrison, injiniya ne da aiki ya riƙa kai shi Rasha, yana daɗewa a can. A Baltimo yaron ya tashi, yana ɗan shekara 16 kuma ya shiga Jami'ar Johns Hopkins, wadda ita kanta a lokacin shekararta goma da buɗewa. Ya gama digirin farko a 1889, ya zarce da nazarin halittun dabbobi a hannun William Keith Brooks. Cikin abokan karatunsa akwai Thomas Hunt Morgan, wanda mai karatu zai sake cin karo da shi a gaba.

A wancan zamani duk mai son ya ƙoshi da ilimin halittar jiki sai ya nufi Jamus, kamar yadda almajirin da ke son hadda yake nufar gabas. A 1892 Harrison ya tafi birnin Bon wurin Moritz Nussbaum, ya duƙufa kan yadda fiffiken kifi ke tasowa tun daga ƙwai, da wannan aiki kuma ya sami digirin digirgir a 1894. Ya koyar shekara guda a kwalejin mata ta Bryn Mawr a madadin Morgan, ya koma Jamus, ya auri Ida Lange a Janairun 1896, Allah Ya ba su 'ya'ya biyar. A shekarar ce aka ɗauke shi koyar da ilimin sassan jiki a makarantar likitanci ta Johns Hopkins, ƙarƙashin Franklin Mall. Ya ci gaba da kai da kawo tsakanin Baltimo da Bon har ya karɓi digirin likita a 1899, ko da yake bai taɓa mai da duba marasa lafiya sana'a ba.

Gardamar da ya tarar

Jijiyar da ta taso daga ƙasan gadon baya ta sauka har babbar yatsar ƙafa takan kai kusan mita guda a jikin babban mutum. Ƙwayar halitta kuwa, wato ɗan tubalin da aka gina jiki da shi, ido ba ya ganinta sai da madubi. To, ta yaya zare mai wannan tsawo yake samuwa? Masana sun rabu gida uku. Mabiya Theodor Schwann, tun daga 1839, sun tafi a kan cewa ƙwayoyi ne da yawa suke jeruwa kamar 'ya'yan carbi, su haɗe su zama zare guda. Viktor Hensen ya ɗauki wata hanyar: a ganinsa, duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu a jikin tayi, akwai ɗan yauƙin da ke saura a tsakaninsu kamar na miyar kuɓewa, wasu daga cikin waɗannan gadoji ne kuma ke ƙarfi su zama jijiya. Sai gida na uku, na Wilhelm His a Jamus da Santiago Ramón y Cajal a Sifaniya, masu cewa ƙwaya ɗaya tilo ce ke fitar da zaren daga jikinta, ya yi ta yaɗo kamar duman da ya fito daga gindi guda ya haura danga. A 1890 Cajal ya zana hoton wani ɗan kumburi a bakin zaren, ya ɗauke shi a matsayin kan da ke kutsawa gaba.

Abin da ya hana gardamar ƙarewa shi ne dukansu gawa suke dubawa. Sai a kashe tayi, a busar da shi da magani, a yanka shi falle-falle, a rina, sannan a kalla. Tamkar a ba mutum hotuna goma na matafiyi a wurare daban-daban, a ce ya faɗi ko da ƙafa ya je ko ɗaukarsa aka yi. Kowa na ganin abin da zuciyarsa ta riga ta yarda da shi. Rikicin ya kai inda a 1906, da aka raba kyautar Nobel tsakanin Cajal da Camillo Golgi na Italiya, Golgi ya tashi a gaban taro a Sitokhom ya mai da jawabinsa na karɓar kyauta wurin rushe ra'ayin abokin rabonsa.

Harrison ya shigo maganar da almakashi da allura. Wani Bajamushe, Gustav Born, ya gano cewa idan aka yanka tayin kwaɗo biyu aka manna guntayen, sukan haɗe su ci gaba da girma. Harrison ya ɗauki wannan dabara ya gyara ta. Sai ya haɗa kan tayin wani jinsin kwaɗo mai duhun launi da wutsiyar wani mai haske, ta yadda duk ƙwayar da ta ƙetare iyaka launinta zai tona ta. Da haka ya nuna a 1903 cewa ƙwayoyin da ke gina layin jin motsin ruwa a gefen talibambam tafiya suke yi daga kai har wutsiya. Daga nan ya juya kan 'yan carbi. Ya cire ɗan zirin da ƙwayoyin Schwann ke fitowa daga gare shi, sai ga jijiya ta tsiro tsirara, ba ko ɗaya daga cikinsu a jikinta. Ya juya gwajin, ya bar su ya cire ɓangaren laka da ƙwayoyin jijiyar motsi suke, sai jijiyar ba ta fito ba. Gida na farko ya rushe ke nan: ƙwayoyin Schwann riga ce kawai, ba su ne zaren ba.

Mutanen Hensen ba su girgiza ba. Hujjarsu ita ce duk wannan a cikin jiki aka yi shi, kuma wa ya san ko akwai gadojin da madubi bai iya gani? Muddin jijiyar na cikin tayi, babu yadda za a rufe musu baki. Dole a fito da ita inda babu wata gada da za ta bi.

Ɗigon da ke rataye

Wasu kafin shi sun taɓa ajiye guntun tayi a ruwan gishiri ya yi 'yan kwanaki bai mutu ba, irin su Wilhelm Roux a 1885. Sai dai rashin mutuwa daban, girma daban. Harrison ma da ruwan gishiri ya fara, bai ga komai ba. Ya gwada da jelatin, wani abu mai kama da romon ganda idan ya daskare, nan ma shiru. Sai ya koma wa kwaɗon kansa. A ƙarƙashin fatar babban kwaɗo akwai wasu jakunkuna cike da wani ruwa mai haske da ake kira limf, wanda da an zuƙo shi yake daskarewa kamar yadda jini ke gudaji, ya bar saƙar siraran zaruruwa a cikinsa.

Ga yadda ya yi. Sai ya zaɓi tayin da tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, kamar ƙwayar dawa, a daidai lokacin da bututun da zai zama laka ya rufe amma ko zaren jijiya ɗaya bai fito ba tukuna. Ya yanko guntu daga wannan bututu, ya ɗora a kan siririn gilashi, ya ɗiga masa limf. Kafin ya juya ruwan ya daskare ya riƙe guntun. Sai ya kifa gilashin a kan wani mai ɗan rami a tsakiya, ɗigon ya zama yana rataye a cikin ramin, ya liƙe gefe da kaki don kada ya bushe. Rataye ɗigo haka tsohuwar dabara ce ta masu nazarin ƙwayoyin cuta. Shi ne ya mai da ita ɗakin raino.

Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ga siraran zaruruwa suna leƙowa daga gefen guntun, suna shiga cikin ruwan da ya daskare, inda babu wata ƙwaya balle gada. A bakin kowane zare akwai kumburin nan da Cajal ya zana daga gawa, amma yanzu yana da rai: yana miƙa 'yan yatsu, yana janyewa, yana sauya siffa da saurin da zana shi ke wuya. Harrison ya auna ɗaya, ya ga ya ƙaru da kimanin maikron 20 cikin minti 25. Maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, don haka tafiyar ba ta kai rabin kaurin silin gashi ba. Amma idan aka lissafa ta a wuni da kwana, ta ɗan haura milimita guda, wannan kuwa ya yi daidai da ƙiyasin da likitoci ke yi har yau, cewa jijiyar hannu ko ƙafa da aka ɗinke takan farfaɗo da kimanin milimita ɗaya a rana. Shi ya sa wanda adda ta sara a hannu yakan jira watanni kafin yatsunsa su dawo da ji. Guntayen sun rayu mako guda, wasu har kusan mako huɗu, inda kuma ya haɗa da ɓangaren da zai zama tsoka, ya ga tsokar tana motsi da kanta a kan gilashi.

Abin da ya fi ba shi wahala ƙwayoyin cuta ne. Ɗigon limf abinci ne mai daɗi a wurinsu, kuma a lokacin babu maganin kashe su irin penisilin. Suna shiga sai ɗigon ya yi dusu-dusu, aikin kwanaki ya lalace. Dole ya riƙa gasa gilashi da wuta, yana tafasa allura da almakashi, yana wanke tayin a tsabtataccen ruwa sau da yawa. Aiki ne mai cin rai, ba ya iya shirya fiye da 'yan kaɗan a yini. Ya fitar da gajeren rahoto a 1907, shekarar da ya koma Jami'ar Yale a matsayin farfesa, cikakken bayanin kuma sai a 1910, da zane-zanen da ke nuna zare guda a lokuta daban-daban. Bayan wannan, gardamar da ta faro tun zamanin Schwann ta kwanta.

Akwai wani gwajinsa da ba a cika ambata ba, alhali a ganina shi ne ya fi kusa da abin da ake yi a yau. Ya lura cewa zaren ba ya tsirowa a tsurar ruwa, sai inda akwai abin kamawa. Don ya tabbatar, sai ya nemo saƙar gizo-gizo, ya shimfiɗa a kan 'yan zobban gilashi, ya kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta, ya ɗora ƙwayoyin tayi a kai. Suka kama zaren gizon suna bi, suna miƙewa a tsawonsa, waɗanda aka bari a ruwa kuwa suka dunƙule ba su je ko'ina ba. Ya buga sakamakon a 1914. Mu da muke kiran intanet yanar gizo, ga wanda ya yi aiki da ta ainihi. Duk masu ƙoƙarin gina nama ko gaɓa a ɗakin bincike a yau, da wannan ƙa'ida suke farawa: sai an kafa wa ƙwaya dangar da za ta hau. Kusan shekara ɗari bayan haka, masu bincike a Hanoba ta Jamus sun koma ga zaren gizon kansa, suka yi amfani da shi wajen cike giɓin jijiyar da aka yanke a ƙafar tumaki.

Wani ya shuka, wani ya girbe

A 1910 wani matashin likita, Montrose Burrows, ya zo Yale daga Cibiyar Rockefeller ta Niyok don ya koyi dabarar. Ya maye limf da ruwan jinin kaza, wanda ya fi sauƙin samu ya kuma fi daskarewa da kyau, ya koma wurin maigidansa, Alexis Carrel. Carrel gwanin fiɗa ne, ya kuma iya mu'amala da 'yan jarida. A Janairun 1912 ya fara rainon guntun zuciyar tayin kaza, aka yi ta yayata cewa naman ba ya mutuwa, jaridu suna tuna ranar haihuwarsa, har 1946 da aka zubar da shi, shekara biyu bayan mutuwar Carrel. A 1912 ɗin Carrel ya karɓi kyautar Nobel saboda ɗinkin jijiyoyin jini da dashen gaɓoɓi, amma a idon jama'a shi ne uban rainon nama. Sai a 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa lafiyayyun ƙwayoyi na da iyakar rabuwa, aka fara zargin cewa ruwan tayin da ake ciyar da naman Carrel da shi ne yake shigo da sababbin ƙwayoyi ba a sani ba.

Harrison bai yi takara da kowa ba. Ya ƙirƙiri dabarar don ya amsa tambaya guda, ya sami amsa, ya wuce. A 1917 kwamitin Nobel ya ba da shawarar a ba shi kyautar, amma cibiyar da ke yanke hukunci ba ta ba kowa ba a shekarar. Tun daga 1915 har 1918, shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya, babu wanda ya karɓi ta likitanci. A 1933 sunansa ya sake tasowa, sai aka yi hukuncin cewa aikin ya tsufa kuma amfaninsa taƙaitacce ne. Abokinsa Morgan aka ba, saboda bincikensa kan gadon halitta, kuma ya cancanta. Amma batun taƙaitaccen amfani yana cikin hukunce-hukuncen da lokaci ya fi kunyatawa.

Yaƙin ya taɓa shi ta wata fuskar. Matarsa Bajamushiya ce, malamansa Jamusawa ne, yana rubutu da Jamusanci kamar harshensa. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, duk mai irin wannan alaƙa ya zama abin zargi. Rhoda Erdmann, wata Bajamushiya da ta zo Yale a 1913, an kama ta a 1918 bisa zargin tana shirin yin ɓarna da ƙwayar cutar kaji da take bincike a kai, ta yi wata huɗu da ɗoriya a tsare, daga baya aka mai da ita ƙasarta. Harrison na cikin waɗanda suka tsaya mata, a lokacin da tsayawar ke iya jawo wa mutum baƙin jini.

Sauran shekarunsa na bincike ya ba da su ga salamanda, wata halittar ruwa mai siffar ƙadangare, 'yar'uwar kwaɗo. A gefen tayinta akwai ɗan faifan nama da zai zama ƙafar gaba. Harrison ya tsaga shi biyu, kowane rabi ya ba da cikakkiyar ƙafa. Ya ɗauke shi daga dama ya dasa a hagu, ya juya shi sama a ƙasa, ya yi ta sauya masa zama yana duba wace irin ƙafa za ta fito. A 1921 ya fitar da ƙa'idar: faifan yana fara sanin gabansa da bayansa tun da wuri, sanin samansa da ƙasansa kuwa sai daga baya, a tsakanin lokutan biyu kuma ana iya mai da ƙafar dama ta zama ta hagu. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan ita ce wadda har yanzu ta gagari masu gina gaɓoɓi. Samar da ƙwaya abu ne guda. Sa dubban ƙwayoyi su san matsayinsu su jeru yadda ya dace, wannan wani karatu ne.

Mutum ne mai kawaici, ba ya son hayaniya, ba a kuma san shi da iya jan hankalin aji ba. Inda ya yi fice shi ne teburin bincike, ɗalibansa irin su Samuel Detwiler da John Nicholas da Victor Twitty a nan suka koya daga gare shi. Yana da nawar rubutu, ba ya sakin takarda sai ya tace ta ya sake tacewa, ga shi kuma ya riƙe editan mujallar nazarin dabbobi ta hanyar gwaji fiye da shekara 40, har 1946, yana gyara rubutun wasu nasa na jira. Da ya yi ritaya a 1938, maimakon hutu sai aka ɗora masa shugabancin Majalisar Bincike ta Ƙasa, ya riƙe ta duk tsawon Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kwamitocinta ke kula da abubuwa irin su gwajin penisilin da rabon sa.

Abin da ya iso mana

A 1949 John Enders da Thomas Weller da Frederick Robbins suka raini ƙwayar cutar shan inna a cikin naman da ke girma a kwalba. Kafin nan galibi a jikin birrai ake samun ta, da tsada da wahala. Wannan ne ya ba da damar sarrafa rigakafi mai yawa: na allura na Jonas Salk a 1955, sai na ɗigawa a baki na Albert Sabin. Ɗigo biyun nan da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara a Yana da Disina da Azare, jikan ɗigon Harrison ne. Mun san gardamar da aka yi a kansa a Arewa a 2003, mun kuma san yaran da suka biya kuɗin gardamar da ƙafafunsu. An ga mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar ta daji na ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita.

Ta ɓangaren jijiya, Rita Levi-Montalcini ta yi amfani da ɗigon ratayen a Rio de Janeiro a farkon shekarun 1950, ta ga zaruruwa sun fito sun kewaye guntu kamar hasken rana, daga nan aka gano sinadarin da ke sa jijiya girma. Sai zamanin ƙwayoyin tushe, wato waɗanda ba su riga sun zama komai ba, ana iya karkata su su zama jijiya ko tsoka ko jini. An ware su daga tayin ɓera a 1981, daga na ɗan Adam a 1998, a 2001 kuma aka mai da na ɗan Adam ɗin ƙwayoyin jijiya a kan faranti. Amfani da tayi ya tayar da muhawara tsakanin malaman addinai da masana, har Shinya Yamanaka na Japan ya gano a 2006 yadda za a mai da ƙwayar fata baya ta koma ta tushe. A 2018 likitoci a Kyoto suka fara dasa ƙwayoyin jijiya da aka samar ta haka a ƙwaƙwalwar mai cutar karkarwa ta Parkinson, an kuma fara irin gwajin a kan masu raunin laka. Idan aka duba da kyau, guntun da Harrison ya yanko daga bututun tayin kwaɗo ƙwayoyi ne da ba su zama jijiya ba tukuna, a kan gilashinsa suka zama. Abin da ɗaliban Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare za su karanta a sabon babi, farkonsa ke nan.

Ya zama dole a faɗi inda aka tsaya. Duk waɗannan gwaje-gwaje ne a kan mutane ƙalilan. Jijiyar hannu da ƙafa na sake tsirowa a hankali, amma laka da ƙwaƙwalwa ba sa yi sai kaɗan, kuma babu asibitin da a yau yake mai da katsattsiyar laka sabuwa. Na kawo wannan ne saboda garin nan da ake tallatawa a WhatsApp da tashoshin mota da sunan sitem sel, ana cewa a zuba a ƙarƙashin harshe zai tayar da mai shanyewar jiki, har iyalai na sayar da akuya da hatsi su saya. Wanda ya bi labarin Harrison ya ga abin da ƙwaya mai rai ke buƙata kafin ta kai mako guda a wajen jiki: danshi, da abinci, da abin kamawa, da tsabtar da ƙwayar cuta ɗaya ke rushewa. Ba ta rayuwa a busasshen gari cikin leda a zafin Afrilu, ko da ta rayu kuma, ciki narkar da ita zai yi kamar kowane abinci.

Harrison ya ga kyautar Nobel ta 1954 ta tafi ga Enders da abokansa biyu saboda aikin da aka gina a kan dabararsa. A 1949 ya gabatar da jerin laccoci a Yale inda ya tattara abin da ya fahimta game da ginuwar tayi, ya yi ta gyaran rubutun bai sake shi ba. A 1955, shekarar da aka sanar da rigakafin Salk, ya faɗo daga kan tsani a gidansa yana da shekara 85, bai kuma sake komawa ɗakin bincike yadda ya saba ba. Ya rasu a New Haven ranar 30 ga Satumban 1959, yana da shekara 89. Laccocin sai a 1969 suka fito a matsayin littafi, bayan Sally Wilens, wadda ta daɗe tana taimaka masa a ɗakin bincike, ta tattara takardun ta shirya su.